Saƙon da Ya Bi Sani Gareji-Gareji

Kun sha tambayata, ku 'ya'yana, wane irin aiki ne na tsufa a kansa, ni kuma ina ba ku amsa a gajarce saboda kullum kuna sauri. Yau na zauna. Akwai wuraren da babu rezo, wato sabis na waya, daji ko ƙauye ko garin da ambaliya ta kayar da turakun waya. A irin waɗannan wurare ana iya sa wayoyin hannu su riƙa miƙa wa juna saƙo da kansu. Wayarka ta riƙe saƙon tana yawo da shi a aljihunka, in ka kusanci wani mai waya ta miƙa masa, shi ma ya tafi da shi, har a gamu da mai saƙon. Aikina shi ne lissafa tsawon lokacin da saƙon zai ɗauka kafin ya isa, da yawan wayoyin da ya dace a ba shi. Kun ɗauka a jami'a na fara wannan tunani. A tsakar gidanmu na Alibandeng na fara shi, a Libreville, tun babu wanda ya taɓa riƙe wayar hannu a cikinmu. Labarin da dangi suke ba ku na shekarar da na fara shi kuwa, wai na ƙi jin maganar Baba har na jawo aka kori bawan Allah daga ƙasar, rabinsa suke faɗa muku.

Kakanku Alhaji Isuhu ya baro Maraɗi tun yana saurayi, ya buɗe kantin atamfa da takalma a unguwar Glass, nesa kaɗan da bakin ruwa. Mutum ne mai tauna magana kafin ya fitar, in kuma ya fitar ba ya maimaitawa. Inna, Hajiya Zali, ita ce kishiyar halinsa, abin da ke ranta yana bakinta. Mu biyu suka haifa, yayana Sani, wato kawunku, da ni. Sani yana tuƙa taksi. Ni ina koyar da lissafi a wata lakwal, wato makaranta, mai zaman kanta, da yamma kuma in hau mota zuwa Batterie IV in yi wa 'ya'yan masu hali bita a gidajensu. A haka muke har safiyar da rediyo ya ce an raba darajar kuɗin sefa biyu. Baba ya saurara har ƙarshe, ya kashe rediyon, ya tafi kanti kamar kullum. Kafin wata ya mutu atamfar da ke zuwa daga waje ta fi ƙarfin masu sayenta, shinkafa ta hau, kayan gyaran mota suka hau. Abin da ya fi damuna shi ne yadda fuskoki suka canza. Matan da suka saba zama a bencin kantinmu suna hira da Inna suka koma gaisuwa daga bakin ƙofa. A cikin taksi ka ji ana cewa baƙi ne suka cinye ƙasar, kana zaune a gefe ka yi kamar ba ka jin Faransanci.

Da shekara ta zagayo aka ba da sanarwa: duk baƙon da ba shi da katin zama mai rai, ya sabunta ko ya bar ƙasar. Nawa yana da rai, lakwal ce ta tsaya mini. Na Baba da na Inna ma haka, amma Baba ya ce ya gaji, gida zai koma. Na Sani ne ya mutu, kuɗin sabuntawa kuma ya wuce abin da taksi ke kawowa. Wata rana da hantsi, a kan hanyar bakin teku, ya hango shingen jami'an tsaro a gabansa ana sauke mutane daga motoci ana loda su a babbar mota. Ya faka a gefe, ya bar makulli a jiki, ya sauka kamar zai sayi wani abu, ya shige cikin 'yan kasuwa. Bai dawo gida ba, don takardun motar suna ɗauke da adireshinmu, ya tabbata can za a fara nemansa.

Azumi ya kama ba mu san inda yake ba. Sai wani direba ya tsaya a ƙofar gida ya ce a gaya wa Hajiya ɗanta yana lafiya, yana kwana a garejin makanikai, yau nan gobe can, kuma ya yi magana da masu kwalekwale da ke fitar da mutane daga ƙasar ta Cocobeach, garin bakin iyaka, da zarar sun cika zai bi su. Inna ta dafe ƙirji. Duk mun san yadda ake cika waɗannan kwalekwale, mun kuma san iyalan da suka yi ta jiran labarin isa har suka daina. Na bi direban har bakin motarsa na tambaye shi yaushe Sani ya faɗi haka.

"Wallahi Malama ban sani ba," in ji shi. "Ni ma wani direba ne ya gaya mini a gidan mai, shi kuma wani bakanike ya gaya masa."

Na tsaya ina kallon motarsa har ta sha kwana. Saƙon ya bi baki uku kafin ya zo mana, kuma babu wanda ya san tsufansa. Wataƙila na jiya ne, wataƙila ya yi mako. A cikin kwanakin ne kuma Baba ya samo mana wuri a bato, babban jirgin ruwan da zai kwashe 'yan Nijar masu komawa, har da takardar ambasad, wato ofishin jakadancinmu, da ke ba mara kati damar shiga ba tare da an tsare shi ba. An saka sunan Sani. Saura kamar mako bato ya tashi, shi kuma Sani bai sani ba.

Bayan an sha ruwa muka zauna a tsakar gida, kwanon kunu a tsakiya ba wanda ya kula shi. Baba ne ya fara.

"Malam Buba zan gaya wa, shi kaɗai. Katinsa yana da rai, bakinsa kuma yana da nauyi. In ya gamu da yaron ya gaya masa."

Malam Buba mutumin Garwa ne, dattijon direba, abokin sahun sallar Baba tun kafin a haife ni.

"Mutum ɗaya?" in ji Inna. "Garin nan fa ba ƙauye ba ne, Alhaji. A faɗa a masallaci, a faɗa wa kowane direba, kowa ya faɗa wa na gaba. Gobe war haka ya ji."

"Ya ji, masu kame ma su ji," in ji Baba. "Sai su je garejin su kwashe shi da duk wanda ke ɓoye tare da shi."

Kowannensu yana da gaskiya, shi ya sa muka kasa tashi daga wurin. Na ce Baba ya ba ni izini in yi magana. Na ce ya tuna yadda muke tsayuwa a bakin hanya muna jiran taksi. In mota ɗaya ce tak ke bin unguwar, kana iya samunta nan take, kana iya bushewa a tsaye. In biyu ne, jiranka ya ragu da rabi, don wadda ta fara zuwa kake so, ba ruwanka da ɗayar. In biyar ne, ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin biyar. Amma daga mota ashirin zuwa ashirin da ɗaya ba za ka ji bambanci ba. Haka saƙon nan yake. Na riga na tambayi direbobi, kowa ya ce ba kullum yake shiga gareji ba, sai abu ya lalace, wani lokaci mako ya wuce bai leƙa ba. In Malam Buba ne kaɗai, jiranmu zai iya kai tsawon lokacin da ya rage mana duka, ko ya wuce. In muka ba mutum biyar, ina sa ran kwana ɗaya ko biyu. In muka ba gari duka, saurin da za mu ƙara kaɗan ne, amma kowane baki da aka ƙara haɗarinsa cikakke ne. Don haka a ba mutane kaɗan, masu bin unguwanni daban-daban, don direba biyu masu zagaya wuri ɗaya kamar mutum ɗaya suke. Kuma a hana su miƙa wa wani direba, Sani kaɗai za su gaya wa, baki da baki.

Baba ya dube ni ya ce:

"Rabi, wannan lissafin na allo ne. Mutane ba taksi ba ne. Na ce Buba."

Inna ta buɗe baki, ya ɗaga hannu, ya tashi zuwa asham.

Ban taɓa saɓa wa Baba ba kafin wannan rana, ban kuma sake ba bayanta. Amma na sake juya lissafin a kaina har ya ishe ni, amsar ba ta canza ba. Da safe, maimakon lakwal, na yafa gyale na tafi gidan man da direbobinmu ke taruwa. Ku da kuka tashi yanzu ba za ku gane nauyin wannan ba. 'Yar Alhaji Isuhu, budurwa, tsaye cikin direbobi tana jan su gefe ɗaya bayan ɗaya. Na san kafin azahar maganar za ta isa kanti. Na zaɓi uku masu kati mai rai, ɗaya yana bin Glass da bakin ruwa, ɗaya tsakiyar gari, ɗaya hanyar Owendo. Da Malam Buba sun zama huɗu. Saƙon gajere ne: Inna ta ce kada ka bi kwalekwale, an samu wuri a bato da takarda, ka dawo gida. Ya rage arewa, garejin da ke bayan filin jirgi, kuma can ne hanyar da zuciyata ta fi ba ni. A cikin waɗanda na yarda da su mutum ɗaya ne ya san makanikan wannan gefe, Haruna, ɗan wani ɗan garinsu Baba, wanda ya yi aure bai daɗe ba. Katinsa ya mutu, ya kai don sabuntawa, rasit kawai aka ba shi, shi ya sa ya rufe motarsa da tampol ya zauna a gida. Na same shi a ƙofar ɗakinsa, matarsa Mariyama tana wanki a gefe. Na gaya masa komai, har da cewa Baba bai yarda ba.

"Yaya Haruna, na san rasit kake riƙe da shi. In aka tare ka, ba lallai su karɓa ba. In ka ce a'a, babu wanda zai ji daga bakina."

Ya kalli matarsa, ya kalli motar.

"Sani ne ya koya mini tuƙi a garin nan," ya ce. "Ina zaune ya shiga kwalekwale? Je ki, ƙanwata. Yau zan fita."

Da na dawo gida Baba ya riga ya ji. Bai yi faɗa ba. Na gaishe shi bai amsa ba, na kai masa ruwan buɗa-baki ya ce Inna ta karɓa ta miƙo masa. Rana ta farko ta wuce ba labari, ta biyu ma haka. Inna tana bina ɗaki tana cewa, "Kin ce kwana ɗaya ko biyu." Na yi ta gaya mata cewa abin da ya fi yiwuwa na faɗa, ban ɗauki alkawari ba, jira irin wannan yana iya ja fiye da yadda aka zata. Ba ta gane ba, ban kuma ga laifinta ba. Ina zuwa lakwal ina koyarwa, ina rubutu a allo, amma duk ƙarar motar da ta tsaya a waje sai na waiga.

Sai ga Mariyama ta shigo gidan ba ko takalmi. An tare Haruna a shinge yana dawowa daga arewa, an duba rasit an ce ba kati ba ne, an tafi da shi, motar kuma an ja ta. Ta zube a gaban Inna tana kuka. Ba ta zage ni ba, ko kallona ba ta yi ba, wannan kuma ya fi mini ciwo. Baba ya sa hula ya fita neman inda aka kai shi, ya dawo bai samu ganinsa ba.

Washegari da la'asar motar Malam Buba ta tsaya a ƙofar gida, Sani ya fito daga kujerar baya cikin rigar makanikai, ya rame, gemu ya cika masa fuska. Inna ta riƙe shi ta ƙi saki. Da aka natsu ya ce masu kwalekwale sun riga sun aiko ya shirya, gobe za a kwashe su. Ban san abin da ya faru da wannan kwalekwale ba, ba zan kuma ƙirƙira muku ba. Abin da na sani shi ne kawunku bai shige shi ba. Baba ya yi wa Malam Buba godiya, sannan ya juyo, karo na farko tun da ya daina yi mini magana.

"Kin gani? Mutumin da na ce shi ya kawo shi. Da kin zauna, da Sani yana nan, Haruna ma yana ɗakinsa."

Wannan ita ce maganar da dangi suka riƙe har yau, ita ce kuka ji. Abin da ba su riƙe ba shi ne amsar Malam Buba, wanda ya faɗa a gaban kowa.

"Alhaji, kada in ɗauki ladan da ba nawa ba. Ni ban san wannan gareji ba, ban taɓa shigarsa ba. Tayata ce ta fashe a ƙofarsa, na tura motar ciki, na tarar da yaron yana wanke hannu."

Baba ya ce ikon Allah ne, kuma gaskiya ya faɗa. Ni ma na yarda ikon Allah ne. Amma ranar da muka zauna a tsakar gida babu wanda aka nuna wa tayar wa za ta fashe. Wanda zai yanke shawara yana yanke ta da abin da ke gabansa a ranar, kuma a ranar abin da ke gabanmu shi ne gari mai faɗi, gareji ba iyaka, da mako guda. Da a ce za a mayar da ni wannan tsakar gida sau ɗari, da na sake zaɓar mutum biyar sau ɗari, kuma a mafi yawansu ba Malam Buba ne zai fara isa ba. Shekaru bayan haka, da na samu tallafin ƙaro karatu aka sa mini wannan matsala a gaba cikin haruffa da lambobi, abokan karatuna suna ta murna in sun gano cewa ƙara kwafin saƙo yana rage jinkiri. A wurinsu abin da kowane kwafi ke ci shi ne batir da wurin ajiya. Ni kuwa tun daga rubutuna na farko na nace a riƙa lissafa abin da mai ɗaukar saƙo zai iya rasawa, a kuma daina ba mutane matsakaicin lokaci kawai ba tare da an gaya musu yadda jira zai iya tsawaita ba. Malamina ya tambaye ni inda na samo wannan taurin kai, na ce daga gida.

Ranar tafiya muka je tashar jiragen ruwa ta Owendo. Mutane ko'ina, ƙunshin kaya, katifu a naɗe, tukwane, yara suna kuka don zafi da ƙishirwa. Muna cikin layi manyan motoci suka iso da waɗanda aka tsare, za a saka su a baton nan. Mariyama, wadda ta tattara kayansu ta biyo mu da fatan haka, ita ta fara hango shi. Haruna ya sauko da rigar da ya fita da ita, ba mota, ba komai. Idonsa ya faɗa kan Sani, ya yi dariya har da tafa hannu.

"Kai! Ina ka shige? Na leƙa garejin arewa duka har makanikai suka fara zargina."

Baba ya ratsa mutane ya kama hannunsa, ya ce a gaban kowa daga yau Haruna ɗansa ne, abin da Sani zai ci shi zai ci. Ya kuwa cika. Da suka isa Maraɗi, da abin da ya rage na kanti ya haɗa su biyu ya saya musu tsohuwar mota. Ni ba na cikin masu tafiya. Na riga na gaya wa Inna zan tsaya in ƙarasa shekarar lakwal, amma Baba bai ce komai a kai ba, ina jira ya ce in hau. Da aka zo kan layinsu ya miƙo mini makullin gida.

"Ɗakin gaba ki ba iyalin Malam Buba, kada ki zauna ke kaɗai. Allah ya tsare."

Bai taɓa cewa na yi daidai ba, har ya koma ga Allah. Amma mutumin da bai taɓa barina in kwana a gidan ƙawa ba ya bar ni a ƙasar wasu da makulli a hannu, ni kuma na san abin da hakan ke nufi a bakin Alhaji Isuhu.

Haruna bai sake taka Libreville ba. Motar da aka ja ta tafi ke nan, ita ce duk abin da ya tara a shekarunsa na can. Zuwana Maraɗi na farko bayan na fara aiki, na je gidansa da niyyar saya masa sabuwa. Ya saurare ni har na gama, Mariyama tana zuba mini fura.

"Rabi, kin zo ƙofata kin gaya mini gaskiya, kin ce in ce a'a in na ga dama. Ni na yaye tampol da hannuna. In kika biya ni, kin mayar da ni ɗan aike. Bar mini abina."

Na bar masa. Yanzu ya tsufa, idonsa ya yi rauni, yana zama a ƙofar gida da carbi, jikoki suna hawa kansa. Duk ranar da Allah ya kai ku Maraɗi, gidansa za ku fara sauka kafin gidan kawunku. Ku durƙusa ku gaishe shi, ku ce ku 'ya'yan Rabi ne, in ya ba ku fura ku shanye.